Fahimtar Tsofaffin Sana'o'in Noma a Takardun Ƙidaya da na Haraji: Jagora ga Mai Binciken Tarihin Zuriya a Yankin Burumburum

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kalmomin sana'ar noma da mai binciken tarihin zuriya kan ci karo da su a takardun ƙidayar jama'a da na haraji na zamanin mulkin Turawa, da kuma a bakin dattawa. An taƙaita nazarin ga yankin Burumburum da kewayensa, wato Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a kudancin Jihar Kano. Maƙalar ta nuna cewa kalmar "manomi" da ta cika waɗannan takardu ta haɗe mutanen da matsayinsu ya sha bamban ƙwarai. An kasa kalmomin gida huɗu: na matsayi a gandu, da na aikin lada, da na noma na musamman, da na sarautu da ma'aikata. Daga nan aka bayyana wuraren da mai bincike ya fi yin tuntuɓe, aka kuma ba da matakan da za su kare shi daga laƙaba wa wani gida asalin da ba nasa ba.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya ɗauki tarihin gidansu ko na ƙauyensu a matsayin batun kundinsa yakan fara da dattawa, sannan ya nemi takarda da za ta ƙarfafa abin da ya ji. Idan ya yi sa'a ya sami tsohon littafin haraji a gidan dagaci, ko rahoton wani jami'in mulkin mallaka a ma'adanar tarihi, abin da zai tarar a gurbin sana'a kusan kullum kalma ɗaya ce: manomi. Da yawa daga nan suke tsayawa, su rubuta cewa kakansu manomi ne, su wuce. Maganar gaskiya ce, amma ba ta gaya wa mai karatu komai ba, domin kusan kowane namiji baligi a karkarar Kano yana riƙe da fartanya da damina.

Tambayoyin da suka dace su ne: gonar wa yake nomawa? A kan wane sharaɗi? Me yake shukawa? Me yake yi idan kaka ta wuce? Amsoshin suna ɓoye cikin kalmomi irin su gandu da gayauna da rinji da murgu da ƙwadago, waɗanda wasunsu sun fita daga bakin matasa, wasu kuma ma'anarsu ta sauya.

Batun ya wuce na ƙamus kawai. Kuskuren karanta kalma guda na iya sa marubuci ya danganta gida da bauta alhali ba haka abin yake ba, ko ya ba wani gida gonar da aronta aka ba kakansu. A ƙauyukan da har yau ake tambayar asali kafin a ba da aure, ake kuma kai ƙarar iyakar gona gaban alƙali, abin da aka buga a kundi yakan koma hujja a hannun wani.

2.0 Waiwaye a Kan Yankin

Burumburum sananne ne a tarihin Kano domin a nan ne mayaƙan jihadi suka cim ma Sarki Muhammadu Alwali, sarkin Kano na ƙarshe kafin mulkin Fulani, aka kashe shi a wajen 1807. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kudancin Kano ya sha fama da hare-haren Ningawa, abin da ya tilasta wa jama'a zama cikin garuruwa masu ganuwa, ya kuma jawo kame mutane da watsewar ƙauyuka. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta ƙara motsa jama'a. Bebeji, wadda take kan tsohuwar hanyar Zariya zuwa Kano, ita ce garin da rundunar Turawa ta fasa a kan hanyarta kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903.

Ta fuskar ƙasa, yankin ya fi arewacin Kano samun ruwan sama, yana da fadamu da koguna da duwatsu, ga dajin Falgore, ga kuma ma'adinin kuza a Riruwai, inda aka daɗe ana narka dalma tun kafin zuwan Turawa. Jama'arsa sun haɗa da Hausawa Musulmi da Maguzawa da Fulani na gida da na daji. Cunkoson jama'a bai kai na kewayen birni ba, saboda haka baƙo yana iya samun dajin da zai sare da izinin dagaci.

Akwai wasu aukuwa na ƙarni na 20 da ya kamata mai bincike ya riƙe a ransa, domin sun bar alama a lissafin jama'a: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa da ta biyo baya, yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, ɗiban mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta kuma tashi ƙauyuka daga mazauninsu. Sunan da ya ɓace daga littafin haraji a ɗaya daga cikin waɗannan lokuta ba lalle ne mutuwa ta ɗauke mai shi ba.

3.0 Ire-iren Takardun da Ake Samu

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, mai neman asalinsa yana iya buɗe takardar ƙidaya ta shekaru ɗari da suka wuce ya ga sunan kowane mutum na gidan da shekarunsa da sana'arsa. Lamarin Arewacin Nijeriya dabam yake. Ƙidayar 1911 da ta 1921 da ta 1931 sun dogara ne galibi ga alƙaluman haraji da hukumomin gargajiya suka tara. Daga bayanan 1921 ne C. K. Meek ya fitar da littafinsa na 1925 a kan al'ummomin Arewa. A 1931 an yi ƙidaya ta gida-gida ne kawai a wasu gundumomin Katsina da zaɓaɓɓun ƙauyuka. Ƙidayar 1952 ce ta farko da ta yi ƙoƙarin game Arewa baki ɗaya, ita ma abin da aka buga jimloli ne na gundumomi da ƙauyuka, inda aka zuba noma da kamun kifi cikin rukuni guda. Saboda haka ƙidayar hukuma tana ba da hoton gari, ba ta ba da sunan kaka.

Sunaye da bayanin sana'a sun fi samuwa a wurare huɗu. Na farko, littattafan haraji da rasit-rasit, waɗanda malaman haraji suke rubutawa unguwa-unguwa. Waɗannan sun ci gaba har 1979, lokacin da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Na biyu, rahotannin kimanta haraji da littattafan gunduma da jami'an Turawa suka rubuta, waɗanda ake samu a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wasu kuma a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa. Na uku, littattafan kotunan alƙalai, musamman shari'o'in gado da jingina da fansar kai. Na huɗu, takardun da iyalai suka adana da kansu, da ajami ko da Larabci.

Dole a tuna dalilin rubuta waɗannan takardu. Don karɓar kuɗi aka yi su. Tun kafin Turawa, masarautar Kano tana karɓar kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin shuka da kuɗin rafi da kuɗin karofi da jangali, Maguzawa kuma suna biyan jiziya. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ruwaito cewa kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan magidanci, kuɗin karofi kuma wuri 700 a kan kowace rijiyar rini. Turawa sun gaji wannan tsari, suka tura hakimai su zauna a gundumominsu a wajen 1908, daga baya suka haɗe yawancin kuɗaɗen cikin haraji guda. Wanda ake rubutawa yana da dalilin rage yawan mutanen gidansa da ɓoye sana'ar da za ta ƙara masa kuɗi, mai rubutun kuma yana da dalilin gaggautawa. Abin da ba a biya masa haraji, da wuya ya shiga littafi.

4.0 Rabe-raben Kalmomin

4.1 Kalmomin Matsayi a Gandu

Gandu ita ce kalmar da ta fi kowace rikitarwa, domin tana da ma'ana aƙalla uku a tsofaffin bayanai. Ta farko, haɗakar noma ta gida, inda uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, suke noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, maigida ya biya musu haraji ya kuma yi musu auren fari. Wannan ma'ana ce Polly Hill ta yi wa dogon bayani a nazarinta na Batagarawa na 1972 da na Ɗorayi na 1977. Ta biyu, babbar gonar sarki ko ta basarake, wadda bayi suke nomawa a ƙarni na 19, daga baya kuma talakawa ta hanyar aikin gayya ko na tilas. Ta uku, gandu da ma'anar kuɗin da ake kai wa mai mulki don nuna biyayya. Idan dattijo ya ce kakan wane "ɗan gandu ne", wajibi ne a tambaye shi: gandun wa? Na ubansa, ko na sarki?

Gayauna ita ce 'yar gonar da maigida yake yanka wa ɗansa ko ƙanensa ko matarsa ko bawansa, ya noma ta a lokacin kansa, amfanin kuma nasa ne. A wajen Maraɗi gamana ake ce mata. Mallakar gayauna ba ta nuna 'yanci ko bauta, domin ɗa da bawa duk suna da ita. Abin da take nunawa shi ne mai ita bai riga ya tsaya da kansa ba.

Rinji ƙauye ne ko unguwar bayi manoma da wani mai hali ya kafa a gonarsa. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya bayyana rayuwar rinji a kan iyakar Kano da Zazzau, yammacin yankin da ake magana a kansa: bayi suna aikin gandu daga hantsi zuwa azahar, sannan su koma gayaunarsu. Murgu kuwa kuɗi ne da bawa yake biyan ubangijinsa a kai a kai domin a bar shi ya yi aikin kansa. Ya bambanta da fansar kai, wadda biya ne na samun 'yanci gaba ɗaya. Bacucane shi ne wanda aka haifa cikin bauta a gidan ubangiji. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, kamar yadda Lovejoy da Hogendorn suka nuna a littafinsu na 1993. Wannan na nufin tsakanin shekarun nan biyu ana iya samun gida ɗaya da uba yake biyan murgu, ɗansa kuma ɗa ne a idon doka, littafin haraji kuwa ya kira su duka manoma.

4.2 Kalmomin Aikin Lada da na Taimako

Ɗan ƙwadago shi ne mai yi wa wani aikin gona a biya shi ladan yini ko na rabin yini. Sau da yawa yana da tasa gonar, rashin hatsi a tsakiyar damina ne yake fitar da shi, wanda hakan kan sa tasa gonar ta sha ciyawa. Jinga ciniki ne a kan aiki dungurungum, kamar noman firi na gona kaza a kan kuɗi kaza, ko da kwana nawa zai ɗauka. Gayya aikin taro ne da ake kira don taimakon suruki ko dattijo ko basarake, da kiɗa da abinci, ba tare da lada na kuɗi ba. Bara kuwa mutum ne ɗa da ya jingina kansa ga wani mai hali, yana yi masa hidima har da noma, shi kuma yana ɗauke masa ci da sutura da aure. Barantaka ba bauta ba ce, ko da yake wasu 'yantattun bayi sun zauna a matsayin barori a gidajen da suka saba.

Akwai kuma kalmomin da suke bayyana yadda gona ta zo hannun mutum: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina, riƙo, da saran daji. Shari'o'in alƙalai sun fi kowace takarda bayyana waɗannan. Wanda aka ga yana biyan haraji a kan gona shekara da shekaru ba lalle ne tasa ba ce, tana iya kasancewa jingina ce da ba a fansa ba, ko riƙo ne na marayu.

4.3 Kalmomin Noma na Musamman

Kuɗin rafi da kuɗin shuka su ne suke tona irin noman da mutum yake yi bayan gero da dawa. Mai rafi ko mai lambu ko ɗan garka shi ne mai noman rani a bakin kogi ko fadama, yana ɗebo ruwa da jigo ya shayar da albasa da alkama da tattasai da taba. Mai noman rake yana iya kasancewa kuma mai yin mazarƙwaila. Mai noman baba yana da alaƙa da marina, mai noman auduga kuma da masu kaɗi da masaƙa. A gefen daji, kamar wajen Falgore, akwai masu ɗaura amya a kan itatuwa don samun zuma, akwai mafarauta, waɗanda su ma manoma ne da damina.

Makiyayi yana shiga littafin jangali, amma Bafulatanin da ya zauna ya yi gona yana iya bayyana a littattafai biyu. Tsakaninsa da manomi akwai tsohuwar ma'amala: ya sauke shanunsa a gona bayan girbi, su ci kara da harawa, su bar taki. Noman shanu da garma kuwa sabon abu ne, Ma'aikatar Gona ta fara yaɗa shi a Arewa daga ƙarshen shekarun 1920. Duk labarin da ya ce wani kaka yana huɗa da shanu kafin zuwan Turawa, a sake bincikarsa.

4.4 Sarautu da Ma'aikata

Sarkin Noma sarauta ce ta bajinta a fagen noma. A kwarin Maraɗi, kamar yadda Guy Nicolas ya bayyana, sai mutum ya tara dami dubu ya yi biki ya rarraba kafin ya cancanci sunan. A wasu wurare dagaci ne yake naɗawa, a wasu kuma gadonta ake yi. Sarkin Gandu dabam yake: shi ne mai kula da aikin gandun sarki ko na basarake, kuma a ƙarni na 19 sau da yawa shi kansa bawa ne amintacce. Sarkin Rafi yana shugabantar masu noman rani. Jakada shi ne manzon hakimi mai zuwa karɓar haraji a ƙauye kafin Turawa su sauya tsarin. Ma'auni ko ma'auniya suna auna hatsi a kasuwa, ɗan kwarami yana sayen hatsi a inda yake da araha ya kai inda yake da tsada, ɗan baranda kuma yana tsakanin manomin gyaɗa da kamfani. Malamin gona ma'aikacin hukuma ne mai koyar da sababbin dabarun noma.

5.0 Wuraren da Ake Yin Tuntuɓe

5.1 Kalmomi Masu Kama da Juna a Rubuce

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, tsofaffin takardu kuma sau da yawa ba sa bambanta k da ƙ, ko d da ɗ. Kalmar taki misali ce mai kyau. Daga wajen 1909 hukumar Kano ta shigo da tsarin auna gonaki da takun ƙafa domin yanka haraji gwargwadon faɗin gona, masu wannan aiki kuma su ne malaman taki. Ɗalibin yau da ya ga "malamin taki" yana iya zaton mai raba takin zamani ne, alhali ma'aunin gona ne. Haka bara tana iya zama mai hidima, ko roƙon almajiri, ko shekarar da ta wuce. Baba tana iya zama shukar rini, ko mahaifi. Ita kanta noma tana nufin sana'ar gaba ɗaya, tana kuma nufin cire ciyawa kawai, kamar a noman firi da maimai. Jimlar da kalma ta fito a ciki ce take warware ma'anarta, don haka kada a kwafo kalma ita kaɗai a bar abin da ya kewaye ta.

5.2 Sunan Yanka, Laƙabi da Sana'a

Littafin haraji ba shi da sunan zuriya irin na Turawa. Mai rubutu yakan bambanta masu suna ɗaya da laƙabi, laƙabin kuma yana iya kama da sana'a ko matsayi ba tare da ya zama haka ba. Nomau yaro ne da aka haifa lokacin noma, Shibkau lokacin shuka, Ci-wake lokacin da wake ya nuna. Mafi haɗari shi ne Bawa. Suna ne da ake kiran mai suna Abdullahi da shi, ana kuma sa wa yaron da aka haifa bayan 'yan'uwansa sun yi ta rasuwa. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya isa shaida cewa sunan ba ya nuna bauta. A ɗaya gefen kuma, wanda aka rubuta da laƙabin Maƙeri ko Marini yana iya kasancewa gadon sunan ya yi, bai taɓa riƙe sana'ar ba.

5.3 Aikin Mata

Takardun haraji sun fi damuwa da maza baligai, mata kuwa adadi ne kawai a gefe. Amma matan Maguzawa suna noma sosai, a gandu da kuma gayaunarsu, haka bayi mata a ƙarni na 19. M. G. Smith ya danganta yaɗuwar kulle a karkara da ƙarewar bauta, domin barin aikin gona ya zama alamar 'yanci ga matan da suka fito daga cikinta. Ko a gidajen kulle, sussuka da shiƙa da ɓarar gyaɗa da kaɗin auduga da yin daddawa da man kaɗe da ƙuli-ƙuli duk a hannun mata suke, tsofaffi kuma suna fita kala da tsintar kaɗanya. Tarihin gidan da ya tsaya ga abin da littafin haraji ya faɗa ya zubar da rabin ma'aikatan gidan. Wannan gibi ba ya cikewa sai an zauna da tsofaffin mata.

5.4 Sana'ar Rani

Damina wata huɗu ce zuwa biyar. Sauran shekara manomi yana saƙa ko ƙira ko jima ko gini ko fatauci da jakuna, ko ya tafi cin rani birni, ko ya nufi haƙar kuza a Riruwai ko Jos domin ya samo kuɗin haraji. Wani kuma almajiranci yake fita. Mutum ɗaya yana iya zama manomi a wata takarda, masaƙi a wata, lebura a ta uku, kuma dukansu gaskiya ne. Mai bincike ya lura da watan da aka yi rubutun kafin ya yanke cewa mutane uku ne.

6.0 Matakan Aiki

A ɗauka, a matsayin misali kawai, an sami layi a littafin haraji da ya nuna magidanci ɗaya, da maza baligai huɗu a ƙarƙashinsa, sana'a kuma manomi. Matakin farko shi ne tantance shekarar littafin da unguwar da wanda ya rubuta shi. Na biyu, a tambayi dattawa biyu ko uku, kowa shi kaɗai, su wane ne mutum huɗun: 'ya'ya ne, ƙanne ne, barori ne, ko almajirai? Na uku, a nemi littafin wata shekara ta gaba. Idan huɗun sun koma magidanta dabam-dabam, alama ce gandu ya rabu, galibi bayan rasuwar uba, sai a nemi shari'ar gado. Na huɗu, a je gonar da ƙafa. Sunan gona, da tsohuwar rijiya, da kufai, da ramukan karofi, da itatuwan ɗorawa da aka san mai su, duk shaidu ne. Na biyar, a duba kowace kalma a ƙamusun Bargery na 1934, wanda ya yi zamani da takardun, a kwatanta da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sannan a tambayi yadda mutanen wurin suke amfani da ita. Hausawa sun ce in ba ka san gari ba, saurari daka.

Idan bincike ya kai ga batun bauta, nauyi ya ƙaru a kan marubuci. Kada ya rubuta hakan a kan hujja guda, balle a kan laƙabi ko sunan unguwa, domin 'ya'ya da yawa sun zauna a tsofaffin rinji bayan bayin sun watse. Idan hujjoji sun tabbata, tarihin ya cancanci a rubuta shi, domin waɗannan mutane da guminsu aka cika rumbunan ƙarni na 19. Amma a sakaya sunan gidan da bai ba da izini ba, a kuma sanar da masu ba da bayani inda maganarsu za ta ƙare.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙidayar hukuma a Arewacin Nijeriya ba ta ba mai binciken zuriya sunaye, takardun haraji da na kotu ne suke bayarwa, su kuma an rubuta su ne da manufar da ba ta tarihi ba. An bayyana yadda kalmar manomi ta lulluɓe maigida da ɗan gandu da mai biyan murgu da ɗan ƙwadago da mai rafi, da yadda rubutu da laƙabi suke iya ɓatar da mai karatu. Aikin da ya rage wa sassan nazarin Hausa shi ne tattara waɗannan kalmomi gunduma-gunduma daga bakin waɗanda suka biya haraji da hannunsu kafin 1979, tare da ɗaukar hoton littattafan da suka rage a gidajen dagatai da masu unguwanni na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Mafi ƙanƙantar waɗannan dattawa ya haura shekara 60 a yau, takardun kuma gara da ɗigar ruwa suna cin su.